Tarihin rayuwar Dokta Walter Miller, Likita Mila na Zariya

Dokta Walter Miller, wanda mutanen Zazzau suka fi sani da Likita Mila, Baturen Ingila ne da ya bar aikin likita a ƙasarsu ya zo ƙasar Hausa domin yaɗa addinin Kirista, bisa imanin da ya yi cewa Allah ne ya kira shi ga wannan aiki.

Ya shafe kimanin shekaru 50 yana hulɗa da Hausawa. A tsawon wannan lokaci an kore shi daga birnin Kano, ya binne abokin tafiyarsa a Girku, ya yi rigima da Sarkin Zazzau, ya kuma saɓa da Turawan mulkin mallaka 'yan ƙasarsu.

Babban burinsa shi ne ya ga Musulmin ƙasar Hausa sun karɓi addininsa, kuma wannan buri bai cika ba. To sai dai ya bar makarantar da ta yaye likitan farko ɗan Arewacin Najeriya, da kuma fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista da Hausa, wadda ta kai har ƙauyukan Rano da Kibiya a kudancin Kano.

Haihuwa da karatu

An haifi Walter Richard Samuel Miller a shekarar 1872 a garin Honiton da ke yankin Devon, a kudu maso yammacin Ingila.

Ya yi karatun likita a asibitin Saint Bartholomew da ke Landan, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin Birtaniya. Wanda ya fito daga wannan asibiti a wancan zamani ba ya rasa aiki mai tsoka, ko a birni ko a karkara, ga kuma daraja a idon jama'a.

Amma lokacin ɗalibtarsa ya zo daidai da wata farfaɗowar addini a jami'o'in Birtaniya da Amurka. Ɗalibai da dama sun riƙa sa hannu a takardar alkawari cewa idan Allah ya yarda za su tafi ƙasashen waje wa'azin bishara, kuma Miller na cikin matasan da wannan guguwa ta ɗauka.

Abin da Kiristoci ke nufi da kira

A aƙidar waɗannan matasa, Allah yakan zaɓi mutum ya sa masa nauyin wani aiki a zuciya, kuma amsa wannan kira wajibi ne ko da zai raba mutum da iyaye da dukiya da lafiya.

Misalin da suka fi kafa hujja da shi shi ne na Annabi Ibrahim (AS), wanda littafin Farawa ya ce an umarce shi ya bar ƙasarsa da danginsa ya nufi inda bai sani ba. Suna kuma dogara da ƙarshen Linjilar Matiyu, inda suka yi imani cewa Annabi Isa (AS) ya umarci almajiransa su kai saƙonsa ga dukkan al'ummai.

Musulmi ba baƙo ba ne ga batun barin gida saboda addini, domin tarihin Musulunci ya ginu ne a kan hijira, haka ma tarihin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya bar Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Bambancin dai shi ne, masu irin ra'ayin Miller sun fito ne daga ƙasar da ke shirin mamaye ƙasashen da suka nufa, abin da ya sa da wuya a raba wa'azinsu da bindigar gwamnatinsu a idon waɗanda suka tarar.

Waɗanda suka riga shi

Kafin Miller, wasu Turawa sun gwada shiga ƙasar Hausa ba su kai labari ba.

A 1890 ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wato CMS, ta tura Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson zuwa Lakwaja. Sun riƙa sa tufafin Hausawa suna koyon harshen, amma Robinson ya mutu a 1891, Brooke kuma ya bi shi a 1892.

A ƙarshen 1893 wasu matasa uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da irin wannan niyya. Gowans ya mutu a Girku a 1894, Kent ya mutu a Bida a shekarar, Bingham kaɗai ya tsira ya koma gida. Daga wannan yunƙuri ne aka samu ƙungiyar SIM, wadda ta haifi cocin ECWA.

Ɗan'uwan Robinson, mai suna Charles Henry Robinson, ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya koma Ingila yana ba da labarin girman birnin da kasuwarsa, daga baya kuma ya wallafa ƙamus na Hausa. Irin waɗannan labarai sun sa matasan mishan na Ingila ɗokin ganin Kano.

Saboda haka lokacin da Miller ya miƙa kansa ga CMS a 1897, ya san sarai abin da ya sami waɗanda suka riga shi. An fara tura shi Saliyo, inda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, har aka mayar da shi gida.

Koyon Hausa a Tarabulus

Da ya warware sai aka tura shi Tarabulus, babban birnin Libiya a yau, domin koyon Hausa. A lokacin akwai Hausawa da yawa a birnin, fatake da alhazai da 'yantattun bayi, saboda ayarin raƙuma da ke kai da komo tsakanin Kano da gaɓar Bahar Rum.

A can ne ya haɗu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid Tafida, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyarsu ta zuwa aikin hajji. Yaron ya zama malaminsa na Hausa, kuma bayan ya sauke farali ya sake haɗuwa da Miller, ya taimaka masa a aikin fassara.

Hausar da Miller ya koya ta yi ƙarfin da a 1901 ya wallafa wani ɗan littafin nahawu mai suna Hausa Notes, wanda Turawa masu koyon harshen suka daɗe suna amfani da shi.

Tafiyar Kano ta 1900

A farkon 1900 wata tawaga ta mutum biyar ta tashi daga Legas ta nufi Kano. Jagoranta shi ne Bishop Herbert Tugwell, sauran kuwa su ne Miller da Richardson da Dudley Ryder da Burgin.

Lokacin da suka zaɓa mai hatsari ne. A ranar 1 ga Janairun shekarar ne Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, ya kafa tutar Birtaniya a Lakwaja ya yi shelar mallakar Arewa, alhali Kano da Sakkwato da Katsina suna nan da ikonsu. Faransawa kuma sun riga sun kama Damagaram a 1899.

Lugga ya gargaɗe su da kada su wuce inda sojojinsa za su iya kare su, amma suka ci gaba da tafiya.

A Zariya, Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su hannu biyu. Masana tarihi na danganta hakan da matsin da yake fuskanta daga hare-haren Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, wanda ya sa yake neman duk wanda zai ƙulla shi da Turawa.

Daga nan suka ratsa kudancin ƙasar Kano suka shiga birni a watan Afrilu. Sarkin Kano Aliyu Babba, wato Alu, ya gana da su a fadarsa ta Fanisau, ya nuna musu cewa sun shigo ƙasarsa ba da izini ba, kuma jama'arsa ba ta buƙatar makarantarsu ko koyarwarsu tunda tana da Alƙur'ani. Ya ba su 'yan kwanaki su tattara su fita.

A wajen sarkin da fadawansa, waɗannan baƙi ba su da maraba da 'yan leƙen asiri. Abin da ya biyo baya kuwa ya ƙarfafa wannan zato, domin ƙasa da shekaru uku bayan haka sojojin Birtaniya suka biyo hanyar Zariya, suka fasa ganuwar Bebeji, suka ci Kano a ranar 3 ga Fabrairun 1903.

Girku

Tawagar ta juya kudu ta yada zango a Girku, garin da Gowans ya mutu shekaru shida kafin nan. A can atuni ya kashe Dudley Ryder, aka mayar da Richardson Ingila ba lafiya, gobara kuma ta cinye masaukinsu da kayansu.

A farkon 1901 hukuma ta sa suka janye zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. Miller kansa ya koma Ingila a galabaice.

Jaridun Birtaniya da jami'an gwamnati sun soki tafiyar a matsayin ganganci. Duk da haka Miller ya dawo a 1902. Cikin mutum biyar da suka shiga Kano, shi ne ya mayar da ƙasar Hausa gidansa.

Zaman birnin Zariya

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnatinsa ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. A kan wannan alkawari ne aka gina manufar hana 'yan mishan zama a garuruwan Musulmi sai da yardar sarki.

Miller ya samu wannan yarda daga Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda Turawa suka naɗa a 1903 bayan sun tuɓe Kwasau. A 1905 ya tare a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, inda ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta.

Wannan makaranta tana cikin makarantun boko na farko a masarautun Arewa. Ta riga makarantar gwamnati ta Nasarawa a Kano, wadda Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. Shi kansa Ɗan Hausa da CMS ya fara zuwa Najeriya kafin ya koma aikin gwamnati, haka ma G. P. Bargery, mai babban ƙamus ɗin Hausa na 1934.

Miller bai taɓa aure ba. Gidansa ya zama gidan yara, waɗansu marayu, waɗansu 'yantattun bayi, waɗansu kuma iyayensu ne suka kawo su. Yakan koya musu karatu da rubutu da Hausar boko, da Turanci da lissafi, tare da darussan addininsa. 'Yar'uwarsa Ethel Miller ta yi aiki tare da shi a Zariya kafin ta koma Kano da zama, sai kuma wani limamin coci baƙar fata daga yankin Karibiyan, W. A. Thompson.

Mutanen birni sun riƙa zuwa karɓar magani, malamai kuma sukan zo su yi muhawara da shi. Amma waɗanda suka bar Musulunci suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. An fi tunawa da Malam Fate a cikinsu.

Miller ya taɓa gabatar wa Lugga shirin buɗe makaranta domin 'ya'yan sarakuna da malamai. Lugga ya nuna sha'awa, amma ya bar Arewa a 1906, magajinsa Percy Girouard kuwa bai yarda a damƙa ilmin 'ya'yan Musulmi a hannun ɗan mishan ba, saboda haka shirin ya bi ruwa.

Isawa da annobar Gimi

A 1913 wasu baƙi suka yi sallama a gidan Miller, suka ce su daga jama'ar Isawa suke.

Asalin Isawa yana komawa ne ga wani malamin Kano mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa (AS) ya kai shi ga ba shi wani matsayi da malaman birni suka ɗauka a matsayin fita daga hanya. An zartar masa da hukuncin kisa a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi.

Almajiransa sun watsu zuwa kudu da gabas, a kan iyakokin Kano da Zazzau da Bauchi, wasu kuma suka fake a duwatsun Ningi. Tun kafin nan Ningi ta zama mafakar masu tawaye ga Kano, kuma garuruwan kudancin masarautar irin su Rano sun daɗe suna shan hare-haren Ningawa.

Jikokin waɗannan almajirai ne suka zo wa Miller. A wurinsa wannan tamkar amsar addu'ar shekaru ce. An nema musu fili a Gimi, a ƙasar Zazzau, inda aka kafa ƙauyen Kirista mai mutum sama da 100, da gonaki da makaranta da majami'a, ƙarƙashin kulawar Thompson.

Ba a daɗe ba cutar barci, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ta faɗa wa ƙauyen. A lokacin babu ingantaccen maganinta a hannu. Cikin 'yan shekaru ta hallaka mafi yawan mazauna Gimi, aka kwashe waɗanda suka rage, galibinsu yara, zuwa Zariya.

Miller likita ne, amma yana ji yana gani jama'ar da ya fi sa rai a kanta ta ƙare. Marayun Gimi su ne suka zama ginshiƙin al'ummar Hausawa Kirista ta Zariya.

Rigima da sarki da gwamnati

Zaman Miller da Aliyu ɗan Sidi bai ɗore da daɗi ba. Sarkin, wanda malami ne kuma fitaccen marubucin waƙoƙi, ya ga cewa gidan mishan ya zama wata fada ta biyu, inda masu ƙorafi kan haraji da shari'a da bauta ke kai kuka.

Miller ya riƙa rubuta wa hukuma takardun zargin sarkin da zalunci da cinikin bayi a ɓoye. Masana tarihi da dama na ganin waɗannan ƙorafe-ƙorafe na cikin dalilan da suka sa Turawa suka tuɓe sarkin wajen 1920, suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924. A garin ne kuma Alu na Kano ya rasu a 1926.

Har yau akwai Zazzagawan da ke kallon wannan a matsayin butulci ga sarkin da ya ba baƙo masauki. Masu kare Miller kuwa na cewa ya tsaya ne wa talakawan da ba su da mai magana da yawunsu.

Su ma razdan-razdan da gwamnoni ba su ji daɗinsa ba. Yana sukar tsarin mulki ta hannun sarakuna, yana cewa ya ƙarfafa masu sarauta a kan talakawa, ya kuma bar Arewa a baya a fannin ilmin zamani. Jami'ai irin su Charles Temple kuwa na ganin zamansa a cikin birni barazana ce ga zaman lafiya da kuma alkawarin 1903.

Rubuce-rubucensa na farko cike suke da kakkausan lafazi a kan Musulunci da sarautar Fulani, kuma ya yi maraba da yaƙin da Birtaniya ta yi da masarautun, yana fatan hakan zai buɗe wa mishan ƙofa. Wannan kusanci da masu mamaya na cikin abubuwan da suka sa iyaye Musulmi da dama suka daɗe suna ɗari-ɗari da makarantar boko.

Wusasa da aikin fassara

A ƙarshe hukuma ta matsa lallai mishan ya fita daga cikin ganuwa. A 1929 aka kammala ƙaura zuwa Wusasa, a wajen birnin, inda aka gina makaranta da asibiti da majami'ar Saint Bartholomew, wadda aka yi da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa.

Ragamar Wusasa ta koma hannun wani matashi, Guy Bullen. Miller, bayan shekaru 24 a cikin birnin Zariya, ya koma Kano domin ya ƙarasa fassarar Littafi Mai Tsarki. Ta haka garin da ya kore shi a 1900 ya zama mazauninsa.

Ba shi ne ya fara wannan fassara ba. Wani Bajamushe, J. F. Schön, ya fassara sassa da dama a ƙarni na 19 da taimakon wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, amma bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, kuma Hausarsa ba ta kwanta wa masu harshen ba.

Miller ya yi aikin ne tare da Hausawan da ke gidansa da kuma wakilan sauran ƙungiyoyin mishan, cikinsu har da Dokta Andrew Stirrett na SIM. Sun sha fama wajen zaɓen kalmomi, domin kusan dukkan kalmomin addini a Hausa daga Larabci da Musulunci suka samo asali. A ƙarshe sun riƙe da yawa daga cikinsu, irin su Allah da annabi da mala'ika da addu'a da zunubi.

An buga cikakken littafin a 1932. Wannan fassara ta taimaka wajen mayar da Hausa harshen coci a wurare da yawa na Arewa, har a tsakanin ƙabilun Filato da kudancin Kaduna da Adamawa waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce gare su.

Ɗalibansa

Ko da yake makarantar Miller ƙarama ce, ta ba Arewa wasu daga cikin 'yan bokonta na farko.

Dokta R. A. B. Dikko, wanda ya yi karatu a jami'ar Birmingham, shi ne likitan zamani na farko ɗan Arewacin Najeriya. Shi ne kuma aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a taronta na Kaduna a 1949, ƙungiyar da ta rikiɗe ta zama jam'iyyar NPC. Asibitin Barau Dikko na Kaduna sunansa ya ci.

John Tafida Umaru shi ne ya rubuta littafin Jiki Magayi tare da Rupert East a tsakiyar shekarun 1930, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko.

Farfesa Ishaya Audu, wanda mahaifinsa Bulus Audu daga Isawa yake, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, sannan ya riƙe muƙamin ministan harkokin waje a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi ya yi makaranta, ko da yake a lokacin Miller ya riga ya bar garin.

Saƙon ya isa Rano da Kibiya

Miller ya zuba ƙarfinsa ne a kan birane da malamai da 'ya'yan sarauta, yana ganin idan aka samu manya sauran jama'a za su biyo. Abin bai kasance haka ba.

Hausawan da suka karɓi Kiristanci da ɗan yawa a ƙasar Kano Maguzawa ne, manoman karkara masu bin addinin gargajiya, waɗanda suka daɗe suna zaune a gefen garuruwan Musulmi. Akwai su a ƙasar Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da Kibiya da Sumaila da Tudun Wada da Ƙaraye da Rogo.

Sai a shekarun 1930 ne gwamnati ta sassauta wa 'yan mishan shiga masarautun, musamman ta hanyar jinyar kutare. SIM ta karɓi aikin asibitin kutare na Yadakunya a kusa da Kano, ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943, ta kuma kafa tashoshi a karkara.

Daga shekarun 1970 Maguzawa suka riƙa barin addinin kakanninsu da yawa. Wasu sun musulunta, wasu kuma suka shiga coci, galibi ta hannun masu wa'azi 'yan ƙasa waɗanda su ma suka baro garuruwansu suka zauna a ƙauyukan da ba hanya ba asibiti.

A majami'un ƙauyukan Rano da Kibiya, Hausa ce harshen wa'azi da addu'a. An sabunta fassarar a ƙarshen shekarun 1970, an kuma yi wasu bayanta, amma aikin 1932 ne ya share musu hanya.

Ƙarshen rayuwarsa

Miller ya ajiye aiki da CMS a 1935 ya koma Ingila, inda ya wallafa littafin tunawa da gwagwarmayarsa, Reflections of a Pioneer, a 1936. Zaman Ingila bai karɓe shi ba, don haka a 1939 ya dawo Najeriya a ƙashin kansa.

A shekarunsa na ƙarshe ya fi mayar da hankali ga makomar ƙasar. A 1947 ya fitar da littafin Have We Failed in Nigeria?, inda ya tuhumi mulkin Birtaniya da gazawa wajen ilmi da lafiya da adalci ga talaka. Wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafensa kan mulkin gargajiya sun yi kama da waɗanda matasan Musulmi masu ra'ayin sauyi suka ɗaga bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950.

Ya rasu a 1952 a Bukuru, kusa da Jos, yana da shekaru 80. Kamfanin Gaskiya na Zariya ne ya buga tarihin rayuwarsa da ya rubuta da kansa.

Har yanzu ra'ayoyi sun bambanta a kansa. Kiristocin Hausa na ɗaukarsa uba, kuma misali na mutumin da ya amsa kira ya jure wahalarsa har ƙarshe. Musulmi da dama kuwa na tunawa da shi a matsayin wanda ya zo raba su da addininsu a inuwar mulkin mallaka, ya kuma sa hannu a tuɓe sarkin da ya sauke shi.

Abin da ɓangarorin biyu ba su musu a kai shi ne, Miller ya bar sana'a mai daraja a Landan, ya koyi Hausa har ya ƙware, ya yi mafi yawan rayuwarsa a tsakanin Hausawa, kuma a Arewacin Najeriya aka binne shi.